Masu Kira wa Baba Hanya

A gidan burodin da babanmu ya yi wa tuƙi har ya yi furfura, babu mai kiransa da sunansa. Sannu-Sannu suke ce masa, tun daga mai gidan har masu kwaɓa fulawa. Shi ne direban da mai keke kan wuce har ya ɗaga masa hannu. In an tsokane shi sai ya gyara zaman hularsa ya ce sannu ba ta hana zuwa, wani ya ƙarasa masa da sai dai a daɗe ba a je ba, a kwashe da dariya. Amma duk mai shagon da yake kai wa burodi ya san kafin ya buɗe ƙofa motar tana tsaye a waje, don Baba da asuba yake fita. Abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne, mun ji shi har mun haddace: tunda ya fara riƙe sitiyari, ko kaza bai taɓa takewa ba.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma ban gaji haƙurinsa ba ko na sisin kwabo. Daga ni sai Auta, sai Inna da ke raba mu faɗa.

Baba yana da tasa motar, wata tsohuwa mai dogon baya, ruwan toka, wadda ke kwana a ƙarƙashin tamfal kusan duk shekara. Sai an ba da dogon hutun makaranta, sannan ake yaye mata tamfal. Daga nan duk Asabar muna hanyar tafkin da ke bayan gari. Tun da sassafe zai buɗe gaban motar ya duba ruwa, ya zaro sandar auna baƙin mai ya goge ta da tsumma ya mayar, ya zagaya tayoyi yana yi wa kowace ɗan ƙwanƙwasa da ƙafa. Inna na loda tabarma da fulas ɗin shayi da dafaffen ƙwai da kankana, da burodi, wanda mu 'ya'yan gidan mun ci har ya fita ranmu.

A bakin tafkin ba wani abin a zo a gani muke yi ba. Baba ya kafa ƙugiyarsa ya zauna, kifi kuwa kamar sun yi taro sun yanke shawarar kada su kula shi. Auta ya yi ta fantsama a inda ruwa bai wuce gwiwa ba, Inna na daka masa tsawa daga gindin bishiya tana tsefe mini kai. In rana ta yi tsaka Baba ya kifa hula a fuska ya yi barci, mu kuma mu sace masa ƙwansa. Da la'asar a naɗe tabarma a dawo da yashi a kunnuwa. Ban san wani daɗi da ya wuce wannan ba, har yau da nake da nawa gidan.

Akwai wata ɗabi'a a motarmu da ban taɓa gani a ta kowa ba. Ina ƙarama mota na sa ni amai, Auta kuma ba ya iya zama minti ɗaya bai mintsine ni ba. Sai Baba ya ƙirƙiro mana aiki don idonmu ya tsaya a gaba. Ya ce a motarsa babu kujerar mai zaman banza, kowa ɗan kallon hanya ne. Duk abin da ka hango sai ka kira shi da ƙarfi.

"Rami a dama!"

"Mai keke a hagu!"

"Kwana, Baba, kwana!"

Shi kuma ya amsa, "Na riga ki gani, sarkin ƙwaƙwazo." Inna da ke gaba ita ce babbar mai kira, da muryarta mai sanyi kamar tana karanta labarai. Muka girma da abin har ya zame mana jiki. Ranar da na fara shiga motar mijina na ce masa ga rami nan, sai da ya tambaye ni ko na ɗauka makaho na aura.

Shekaru suka tafi. Baba ya ajiye aikin gidan burodi da kansa, ya ce gwiwa ke damunsa. Auta ya zama mai gyaran wutar lantarki, ni na zama malamar makaranta, na haifi yarinya mai bakin da ba ya hutawa, Baba ya sa mata Aku. Tafiyar Asabar ba ta tsaya ba, kuma sitiyari na hannun mutum ɗaya. Shi ya koya mini tuƙi, da faɗa da kuka, amma tasa motar ko juya ta a tsakar gida bai taɓa bari na yi ba.

A Asabar ta farko ta hutun bara ne abin ya fito fili. Muna kan babban titi, Inna ta sunkuya tana gyara murfin fulas da ke ɗiga mata a zane, Auta na danne-dannen waya. Wani mutum na tura baro cike da bulo a gefen titi, da farar riga, rana tarwai. Na gan shi tun daga nesa, ban kira ba, don ban ga abin kira a mutumin da ko jariri zai gani ba. Motar ba ta kauce ba. Sai da Aku ta ƙwalla, "Kaka, mutum!" sannan Baba ya ce "Yauwa," ya murza sitiyari. Madubin gefe ya shafi hannun rigar mutumin. Ya bi mu da zagi, Baba ya ci gaba da labarin da yake bayarwa.

Wannan "yauwa" ce ta tsaya mini a rai. Na yi ta lalube a kaina ko yaushe rabon da in ji ya ce na riga ki gani, na kasa tunawa. Wasan da ya ƙirƙira don hana yara faɗa ya zama idonsa, mu kuma muna ta kira da dariya ba mu sani ba.

Da muka dawo gida ban jira an sauke tabarma ba, na bi shi falo.

"Baba, ba ka ga mutumin nan ba."

"Wane mutum?"

"Ka ji ko! Mai baro. Saura ƙiris ka kwashe shi, ga 'yata a cikin motar."

"Ke da na koya wa bambancin birki da totur, yau ke ce za ki duba mini tuƙi? To an taɓa shi ne?"

Na nuna agogon bango na ce ya faɗa mini ƙarfe nawa. Ya faɗa daidai, yana murmushi. Sai daga baya na lura rediyon maƙwabta ce ta fara taken labarai. Na ce mu je asibiti a duba idon, ya ce idonsa garau, wanda ke da ciwo ya je. Na yi masa maganar da 'ya ba ta yi wa uba, da muryar da nake yi wa 'yan aji. Ya tashi ya shiga ɗaki ya turo ƙofa a hankali, wanda ya fi mini zafi a kan ya buga ta.

Auta ya ce shi zai yi maganin abin da dabara. Ya faki ido ya zare wata waya a cikin injin. Da safe Baba ya buɗe gaban motar, ya zura hannu yana kallon sama, ya lalubo wayar ya mayar da ita mazauninta, ya tayar da mota ya kashe. Ranar abincinsa ya dawo yadda aka kai shi.

A kicin Inna ta same ni ina wanke kwanukan da an riga an wanke.

"Yaya, rage ƙarar nan, ba kwanon ya yi miki ba," ta ce. Haka take kirana tun da aka haifi Auta. "Kin ɗauka ke kika fara gani? Ni da nake matsa masa kofi ƙarƙashin bakin buta tun bara?"

"Inna, kin sani kika bar mu muna shiga?"

"Na sani. Na ce in na ƙara kira zai isa. Har alamar titi nake karanta masa kamar ina hira. Ranar nan na sunkuya kaɗan, kin ga abin da ya faru." Ta goge hannunta da gefen zane. "Babanku ba a gaya masa magana ta shiga. In kuka ƙwace makullin da ƙarfi, zai mutu yana cewa 'ya'yansa sun zalunce shi da lafiyarsa. In kuka bar shi, wata rana ɗan wani zai kwanta a titi, wannan kuma shi zai kashe shi tun kafin kwanansa ya ƙare. Sai dai ya ji da kansa."

Ta faɗa mini abin da ta yanke. Asabar za mu tafi kamar kullum, mu kira masa hanya fiye da kullum har mu sauka daga kwalta. Daga nan akwai fili mai faɗi kafin tafkin, ba rami, ba bishiya, sai ciyawa da sawun tayoyi da ke lanƙwasa. A nan kowa zai ja bakinsa. Na ce a bar Aku a gida, Inna ta ce in babu ita zai gane da wata a ƙasa, ya ƙi fita.

Asabar ta zo da rana mai zafi. Baba ya duba ruwa da mai, ya ƙwanƙwasa tayoyi, har da 'yar waƙarsa, don a ganinsa mun sauko. A titi muka yi ta kira kamar masu talla. Auta ya ajiye waya, ya kira babur, ya kira tirela, ya kira har inuwar gada. Aku ta ɗauka gasa ake yi, ta miƙe tsaye a bayan kujerar kakanta tana ihu. Shi kuwa sai yauwa, yauwa, yana cewa yau ma'aikatansa sun karya da kyau.

Muka sauka daga kwalta. Inna ta naɗe hannuwanta a cinya ta kafe gilashi da ido.

Da farko bai lura ba, yana ba Aku labarin kifin da ya taɓa kuɓuce masa. Can sai labarin ya yanke. Ya rage gudun da dama ba gudu ba ne, ya matso da fuskarsa kusa da gilashi.

"Ma'aikata sun tafi yajin aiki ne?" ya ce.

Ba wanda ya amsa.

"Uwargida, barci kike yi?"

Inna ba ta ko motsa ba.

Ga kwanar ta taho, sawun tayoyi ya karkata zuwa hagu. Aku ta buɗe baki ta ja numfashi, na kai hannu na toshe shi na jawo ta jikina. Ta yi ta fizge-fizge, hawayenta na zuba a yatsuna. Ban taɓa jin na tsani kaina da Inna da duniya baki ɗaya kamar a lokacin ba.

Motar ta miƙe sak, ta bar hanya. Doguwar ciyawa ta fara karzar cikinta, shuu, tana bugun ƙofofi. Baba ya yi shekaru yana sauraren mota, ya san ƙarar kowace irin ƙasa a ƙarƙashin taya. Ya ɗan ƙara gaba kaɗan, kamar mai fatan ƙarar ta daina, ba ta daina ba. Ya taka birki.

Ya ja birkin hannu, ya kashe injin, ya bar hannayensa biyu a kan sitiyari. Babu abin da ake ji sai kukan tsuntsaye daga wajen ruwa da shesshekar Aku.

"Ina hanyar take?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Tana bayanmu, ta hagu," in ji Inna.

"Wa ya shirya wannan?"

"Ni ce."

Ya jinjina kai. Na zaci zai yi faɗa, har na shirya karɓar rabona. Sai ya ce, "Mai baron nan, da gaske na taɓa shi?"

"Rigarsa kawai, Baba," Auta ya ce.

"Rigarsa," ya maimaita. Sannan ya zare makullin, ya buɗe ƙofa ya fita cikin ciyawar da ta kai masa gwiwa. Na saki Aku na fito ni ma, na tsaya a gefen motar ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Ya gyara hularsa. Ya ce, "Yaya, giya ta biyu tana da gardama, sai kin lallaɓa ta. Kada ki yi mata irin halinki."

Ya miƙo makullin, amma ba wajena ba. Ya miƙa shi gefe, inda babu kowa sai ciyawa da hasken rana, ya tsaya yana jira hannunsa a sama. Auta ya juya baya. Na ɗaga ƙafa a hankali don kada ciyawa ta yi ƙara, na zagaya na tsaya daidai inda hannunsa yake nuni, sannan na ce, "To, Baba," na karɓa.