Tashar Jirgin da Na Gina a Zaure

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe shekarar da mutanen layinmu suka daina cin tuwo da ni saboda tashar jirgi.

Ƙuruciyata duka a reluwe na yi ta, ina ɗaga tuta a wata 'yar tasha tsakanin Zariya da Funtuwa. Da na yi ritaya na tattaro na dawo Kusada, garin da bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Ba a daɗe ba uwargidana ta rasu, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa. Gida ya yi mini faɗi. Sai na fara kwaɓa laka a zaure ina gina tasharmu yadda na same ta ina saurayi: ofishin tashamasta da barandarsa, ɗakin yankan tikiti, barikin ma'aikata, tankin ruwa bisa dogayen ƙafafu. Rufin kwano na yanko shi daga gwangwanin madara, layin dogo kuwa karan dawa na jera na ɗora waya. Tagar ɗakin tikiti kaɗai na rushe ta ya fi a ƙirga, don ta ƙi fitowa yadda nake ganinta a raina.

Magidantan layinmu kan fito da kwanuka bayan magariba a yi ciyayya, kuma a ƙofar gidana ake shimfiɗa tabarma. Ni da ba ni da mai dafa mini, zaman nan shi ne abincina, shi ne hirata. Rannan sai na ga tabarma ta koma can gindin dalbejiya. Na bi su, aka amsa sallamata ciki-ciki, hira ta mutu murus. Washegari wani ƙanena ya fasa ƙwai.

"Yaya, cewa ake ɗakunan aljanu kake ginawa. In ba haka ba, mi za a yi da ɗakin da ko kaza ba ta shiga?"

Ni da aka yanke wa cibi a layin nan! Na yi zuciya, na ƙi yi wa kowa bayani. Na koma jiƙa garin kwaki ni kaɗai, ina kallon tasha ba jirgi ba fasinja. 

Ana nan, wata ranar kasuwa ruwa ya tsuge, wani dattijo ɗan kudu mai sayar da kayan babur a Kankiya ya fake a zaurena. Idonsa ya sauka kan ginin. Na ce a raina to, ga wani kuma. Sai na ga ya durƙusa.

"Baba, wannan barikin reluwe ne! A irinsa aka haife ni, babana shi yake zuba wa jirgi kwal. Amma ka manta famfo. Ina mata za su yi faɗa da safe?"

Na yi dariya har da hawaye. Ya lanƙwasa 'yar waya, muka kafa famfo tare. Ruwa ya ɗauke, bai tashi ba. Muna ta tuna mai rake, da mai ƙosai, da yadda dogo ke rawa kafin jirgi ya bayyana. Da zai tafi ya tsaya gindin dalbejiya ya faɗa wa magidantan abin da ya gani. Suka zo suka leƙa.

"Ashe wasan yara ne! Allah shi kyauta tsufa."

Tabarma ta dawo ƙofata, tuwo ya dawo, amma ko mutum ɗaya bai tambaye ni wane ɗaki ne wane ba. Bayan kaka na hau babur zuwa Kankiya neman mutumina, na tarar da wani yana sayar da siminti a shagon. Aka ce ya koma garinsu, ba zai dawo ba. Ko sunansa ban tambaya ba.

Tun ranar na gane cewa mai sa hannu a kwano tare da kai daban, wanda ya san abin da kake kewa daban. In Allah ya haɗa ka da na biyun, ko ruwa ne ya koro shi, kada ka bari ya fita ba ka san inda za ka same shi ba.