Kwamfutar da Aka Hana Fita Ɗaki

Mun tashi da asuba daga Talata Mafara, ni da abokin aikina, a wata tsohuwar motar haya da sai an tura take tashi. Bari in gaya muku abin da ya fitar da mu.

Muna da wata babbar manhaja da ke aika wa manoman rani saƙo a waya, ta sanar da kowa ranar da za a sako ruwa ta gonarsa. Abokinmu da ya assasa ta ya rasu da damina bayan gajeriyar jinya, kuma tun daga nan ta ƙi haɗuwa a kwamfutar kowa. Rubutun duk yana hannunmu, amma kafin ya zama abin da za a sa a waya sai an tanadar masa kayan haɗi, kowanne da sigarsa da saitinsa, marigayi kuwa shi kaɗai ya san yadda ya jera nasa. Mun yi, mun yi, sai jan rubutun kuskure. Ga rani ya kawo kai, in ba ta haɗu ba manoma za su koma doke-doke a bakin magudanar ruwa. Kwamfutarsa tana gidansu a Janbako, kuma ba a raba gado ba, don haka ko allura ba ta fita ɗakinsa.

Da muka ratsa ƙasar Bakura muka nufi yankin Maradun, sai hira ta mutu a mota. Hanya ramuka, man fetur na kwalba tsada kamar turare, amma ba wannan ya dame ni ba. Dawa ta nuna a gonaki, ba mai yanka. Mun wuce wani ƙauye, ƙofofi a buɗe, ko kaza babu. Direba ya kashe rediyo ya ce, "Ana kiran la'asar zan juya, da ku ko ba ku."

Bayan doguwar gaisuwa da ta'aziyya, yayan marigayi ya buɗe mana ɗakin. Rigarsa na rataye a ƙusa, ga kofi da shayi ya bushe a ciki. Muka jona kwamfutar da batirin sola, na sa kalmar sirrin aikinmu. Komai ya fito yadda ya bar shi, har layin da ya fara rubutawa bai ƙarasa ba.

Ashe wata tsohuwar siga ya riƙe, mu kuma muna ta rawar kai da sabuwa. Ba lokacin tsince-tsince, sai na kwashe saitinsa kaf a filashi, na shimfiɗa a tawa kwamfutar, na sa ta fara haɗawa. Inna, mahaifiyarsa, ta aiko mana da fura da nono, muka kasa sha. Muna zaune muna kallon rubutu na gudu, inuwa na matsowa a tsakar gida.

Kwatsam sai muka ji daga kwamfutata, ba tasa ba: "Alhamdu lillahi, ta haɗu. Tashi ka ci abinci."

Muryar marigayi ce, har da 'yar dariyarsa. Abokina mai cika bakin ba ya tsoron komai, ban san lokacin da ya kai zaure ba, takalmi ɗaya. A tsakar gida kuma muka ji ƙwarya ta faɗi.

Inna ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, muryar wa nika ji?"

Na durƙusa na yi mata bayani: shi ya naɗi muryarsa, ya saita ta yi magana duk lokacin da aiki ya kammala, ni kuma na kwaso ta cikin kaya ban sani ba.

Sai ta ce, "Maganata ce. Kullum haka nika ce mishi, shina zaune gaban abin ga har tuwo shi huce."

Direba na ta danna hon a waje. Na lalubo muryar da sauri, na dubi yayansa. Ya ce, "Wannan ba ta cikin gado, sa mata." Na tura a ƙaramar wayarta. Muka fito tana zaune a kan turmi, ta kara wayar a kunne, tana sake dannawa.

Mun iso Mafara kafin magariba, lafiya lau. Manhaja ta haɗu, manoma za su sami saƙonsu. Abin da na koya shi ne, saitin aiki ba abin bari a kan mutum ɗaya ba ne, domin ba wanda ya san gawar fari. Na zauna na jera komai a fili yadda kowa zai iya haɗawa, na share abin da ba a buƙata.

Abu ɗaya na kasa sharewa. Yau ma da rana ta haɗu, ya yi magana. Na rufe kwamfuta, na tashi na ci.