Shayin Wanda Aka Kashe

Ɗaki ɗaya muke kwana da yayana a Gyaɗi-Gyaɗi. Littattafaina suna gindin taga, zaren da yake naɗe hannu da shi yana rataye a ƙusa. Dambe ne sana'arsa. Ni ban taɓa leƙa gidan dambe ba, hayaniya tana sa ni ciwon kai.

Shekarar da na shiga jami'a aka sa gasa, wanda ya ci a ba shi adaidaita sahu. Yaya ya kai wasan ƙarshe, har ya yi wa Inna alkawarin ta daina hawa na haya. A turmi na biyu, zagaye na biyu ke nan, wani sabon yaro ya kashe shi, wato ya kai shi ƙasa. Bidiyon ya riga shi isowa unguwa.

Na ɗauka zai kulle kansa a ɗaki. Da safe sai ya sa farar riga, ya ce in raka shi wurin mai shayi a hanyar Tarauni.

"Yaya, ka bari kumburin ya sauka mana."

"Malam ɗalibi, ɗan damben da ya ɓuya ba a sake kiransa wasa. In an kashe ka, kai za ka fara dariya."

Muna zama wani direba ya ce, "A'a, ga mai adaidaita! Unguwa Uku za ka sauke ni."

Wani ya ce, "Sadauki, ƙasar da laushi kuwa?"

Yaya ya fi kowa ƙyaƙyatawa. Ya ce a soya musu ƙwai. Da suka kunna bidiyon ma shi ya riƙe wayar, yana nuna musu: "Ku duba, nan na yi sujada ba alwala." Ni na sunkuyar da kai, shi ya sa na lura da kofinsa. Shayinsa ya huce bai kurɓa ba, don bakin a fashe yake ta ciki.

Dariyar ta yi aiki, an ci gaba da kiransa. Sai dai yanzu da yara masu neman suna ake haɗa shi, 'yan kallo kuma faɗuwarsa suke biyan kuɗi su gani. Ya sani. Inna har yau na haya take hawa.

Tun daga lokacin, duk ranar wasa, kafin ya ɗauki zaren daga ƙusa sai ya ce, "Malam ɗalibi, goge min farar rigar nan, saboda gobe."