Hannun da Baba Kure Bai Ɗaga Ba

Baba Kure ɗan Gbagyi ne, manomin doya, an haife shi a Jabi tun birni bai iso can ba. Karatunsa bai wuce aji huɗu ba, amma in tsuntsu ya yi kuka, kafin ka waiga ya faɗi sunansa da Gbagyi da Hausa, har da bishiyar da yake kwana a kai.

A 1988 wasu ma'aikatan gwamnati masu sha'awar tsuntsaye suka same shi a gona. Daga hira suka kafa ƙungiyar sa-kai, aikinta rubuta tsuntsaye da itatuwan da suka rage kafin katafila ta iso. Babu albashi, babu ofis. Duk shekara biyu ake zaɓen shugaba da sakatare da ɗaga hannu. Mazaunin ƙungiya kuwa gindin ɗorawar gidan Kure ne, littattafai suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakinsa. Shi ya kawo doka ta bakwai: wanda bai fita daji sau huɗu a shekara ba, ya zo taro ya yi magana, amma ba a ƙirga hannunsa. Ya ce ba ya son masu takalmi mai ƙyalli su yanke hukunci kan dajin da ba su taka ba.

Da aka tashe su zuwa Kubwa, mazaunin ya bi shi, ya koma barandarsa ta kwano. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ake haɗuwa a karanta abin da aka gani, matarsa Catherine ta sauke tukunyar doya. Bayan gwiwoyinsa sun ƙi, a wannan karatun kaɗai yake jin labarin Jabi.

A taron 2016 sakatare, Hajiya Nabilah, ta kawo shawara a mayar da mazaunin Karu. Wata makaranta ta ba su aji da kabad, ga shi yawancin sababbin mambobi a can suke, kuma damina ta riga ta jiƙa musu littafi guda. Kure ya san hawa mota biyu ya fi ƙarfinsa. In akwatin ya tafi, taron ya tafi ke nan.

Aka ɗaga hannu. Tara da tara. Hannun Kure yana kan gwiwa, domin sau biyu kawai ya fita daji a shekarar.

Shugaba, Oga Andrew, ya ce, "Baba, ɗaga mana mu ƙirga, a wuce wurin."

Saleh direba ya ce, "Ai Baba ya je asibiti sau biyu, ni na kai shi. Ya ga jemagu a mangwaron wurin. Huɗu ke nan."

"Jemage tsuntsun gidanku ne?" in ji Kure. Aka yi dariya, har da shi.

Nabilah ta sunkuyar da kai. "Wallahi Baba, in ka ɗaga ba zan ce komai ba."

Ya daɗe yana kallon bencinan da ya ƙera da kansa. Sannan ya ce, "Sau biyu na fita, 'yata. Yana rubuce a littafinki."

In an yi kunnen doki, shugaba ke raba gardama. Andrew ya share fuska da hankici, ya ce Karu, bai dubi kowa ba. Ranar aka sa akwatin a motar Saleh.

Yanzu in wata ya ƙare, Saleh kan kira shi ya ajiye wayar a tebur don ya ji karatun. Layin ba ya da kyau. Wani lokaci sai ya ji an ce, "Zalɓe uku a bakin ruwan Jabi, da kuma…" sai ta katse. Catherine takan ce ya bari su sake kira. Shi dai yakan bar wayar a kunne, yana lissafa wa kansa tsuntsayen da ya kamata a ce sun iso a wannan watan.