Ƙarar da Mutala Ya Ƙi Gyarawa

Duk wanda ya san Mutala fita na Kawukudi ya san mutum ne da ba ya ƙaunar ƙara a jikin mota. Fita dai shi ne makanike a bakin mutanen Gana. In yana cin wake da shinkafa a gindin bishiyar garejinsu, tiro-tiro, wato bas ɗin haya, ta wuce tana kwaramniya, sai ka ga lomar ta tsaya tsakanin kwano da baki har motar ta ɓace. An taɓa gayyatarsa ɗaurin aure a Kotobabi, aka neme shi wajen fatiha aka rasa, ashe yana waje da farar shaddarsa ya buɗe bonet ɗin motar ango. Matarsa Muniratu ta ce da a ce yana sauraronta rabin yadda yake sauraron inji, da ta fi kowace mace a Maamobi ƙiba.

To amma mutumin nan, motar da yake zuwa aiki da ita ta fi ta kowa suna wajen ƙara. Tsohuwar tasi ce, fentin ruwan ɗorawa na kusurwoyinta ya koɗe, kuma daga ka tayar da ita sai ta kama cak-cak-cak daga cikin kan inji, ba sauri ba sanyi, har ka kashe. Wasiu mai gyaran waya, wanda rumfarsa ke jingine da ta Mutala, ya sha tsokanarsa a gaban masu kawo gyara, yana cewa su dubi motar likita kafin su ba shi tasu. Mutala kan ci gaba da aikinsa ne kawai. Gyaran ba zai ci masa wunin kirki ba, kuma kowa a garejin ya san haka.

Motar ta mahaifinsa ce, Baba Abdulsalami. Tun yana saurayi ya sauko daga wajen Dogondutsi, ya yi dako a kasuwar Nima, ya yi yaron mota, ya zama direba, sai da furfura ta fara fito masa ya mallaki tasi ta kansa. A Maamobi ya auri Mma Saratu, haifaffiyar Zongo mai suyar ƙosai da finkaso a ƙofar gida. 'Ya'yansu mata duk aure ya kwashe su, wasu Kumasi wasu Madina, Mutala ne kaɗai namiji. Tsohon bai ɓoye dalilin kai shi koyon fitin ba: ya gaji da fitocin da ke taɓa masa mota ba da bismilla ba.

Ranar da Mutala ya gama koyo, abin da ya fara nufa shi ne wannan cak-cak. Ya riga ya san inda take. Wani ɗan ƙarfe ne cikin waɗanda ke danna bawul, na can ƙarshe ta ɓangaren direba, bakinsa ya cinye. Ya ɗauko sifana ke nan, tsohon ya riƙe masa hannu.

"Ka bar mini ita. Da ita nake sallama."

Gidansu na bakin lungu, kuma inda motar ke kwana a bayan bangon ɗakin Mma Saratu yake. Tun motar na gangarowa daga titi ake jin ta. Kafin tsohon ya kashe inji, ta sauke ruwan wanka daga wuta, ta cika buta, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba su taɓa zama sun shirya haka ba, kuma ba mutanen da ke faɗin irin wannan magana da baki ba ne. Haka dai suka yi ta yi har guiwoyinta suka fara ciwo ta bar suya.

Baba Abdulsalami ya rasu wata Juma'a bayan ya dawo daga masallaci, ba wata doguwar jinya. Motar ta zauna a bayan ɗaki lulluɓe da tamfol har Mma ta fita takaba. Masu saye sun zo, Mutala ya sallame su. Da ya tayar da ita ya kai gareji ya dawo da yamma, sai ya tarar da uwarsa tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango, buta a hannu. Tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa. Ya ce a ransa, ashe motar nan ce maganin Mma. Tun daga ranar bai sake dawowa gida a ƙafa ba, kuma kullum yana tarar da ita a tsaye.

Shi ma fa ba lafiya lau yake shiga motar ba. Baba gajere ne, Mutala dogo, amma bai taɓa tura kujerar baya ba. Haka yake tuƙi guiwa na gogar sitiyari. Ƙamshin turaren tsohon ya ƙi barin kujerun. In ya tsaya a cunkoson Kawukudi, injin na ta cak-cak, yakan ji kamar akwai mutum a gefensa da ke shirin ce masa ya rage wuta, don haka ba ya son waiwayawa dama. Tsoro yake ji, kuma yana son tsoron. In ya iso gida ya kashe inji, sai ya ɗan zauna a ciki kafin ya fito.

An yi shekaru a haka. Sai wata rana cikin zafin nan na kafin damina, yana tsakiyar cunkoso a babban titin Nima, allurar zafi ta haye ja. Farin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa, ruwan lagireto na tafasa. 'Yan unguwa suka taya shi turawa har gareji. Da injin ya huce ya zaro sandar awon mai, ya ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, ruwa da mai sun haɗu.

Wannan aiki ne da Mutala ya yi wa mutane ba adadi. Ya tsiyaye ruwa da mai, ya cire bututu da wayoyi, ya sa wa bel ɗin taimin alama da farin fenti. Ya sassauta kusoshin kan injin daga gefe zuwa tsakiya don kada ƙarfen ya murɗe, ya jera su a kwali yadda suka fito. Shi da Wasiu suka ɗaga kan suka aza a benci. Gaskit ɗin ya ƙone tsakanin ramukan tsakiya, wannan ba komai ba ne. Babbar matsalar ita ce da ya kai kan wajen masu gogewa su daidaita fuskarsa, suka wanke, suka nuna masa wata tsaga siririya kamar gashi tsakanin bawul biyu. Ya roƙe su su yi walda. Suka ce shi ma ya san ba za ta riƙe ba.

Ya tafi Abossey Okai, kasuwar kayan mota, ya yi ta yawo layi-layi har ya samo kan inji irinsa cikin na hannu da ake kawowa daga Turai. Mai kyau ne, tsaf, kamar ba a taɓa wahalar da shi ba. Mutala ya ɗauko shi yana jin haushinsa ba gaira ba dalili.

Kwanakin nan duk a ƙafa yake komawa gida, kuma bai ko sau ɗaya tarar da Mma a ƙofa ba. Tana ɗaki a kan buzun sallarta, shiru, carbi a hannu. Hankalinsa ya tashi. Ya ga tsohuwa tana sulalewa ne a gabansa, don an cire mata abu ɗayan da ke tashinta tsaye. Muniratu ta ce masa ita dai a ganinta Mma ta fi cin tuwo a kwanakin nan, har ƙarin miyar ayoyo ta nema. Ya ce mata ba ta san komai a kan uwarsa ba. Ta ce yoo, ta ci gaba da wanke-wankenta.

A gareji Mutala ya kankare fuskar injin har ta yi sumul, ya share ramukan kusoshi, ya shimfiɗa sabon gaskit a bushe, ya duba sau biyu kada ya kife shi. Suka sauke sabon kai a hankali. Ya ɗaure kusoshin daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye. Ya mayar da bel a kan alamarsa, ya zuba sabon mai da ruwa, ya yi bismilla ya murɗa makulli.

Injin ya tashi lumui. Wasiu ya tafa, ya ce yau dai likita ya sha maganinsa. Mutala ya tsaya da tsumma a hannu yana sauraro, bai ji komai ba sai numfashin inji mai lafiya, irin wanda ya kwashe rayuwarsa yana nema wa motocin mutane. Bai taɓa jin maraici irin na lokacin ba, ko ranar jana'iza.

Abin da ya yi daga nan, da shi ne ya ga wani fita yana yi, da ya kore shi daga garejin. Ya buɗe murfin sama, ya sassauta bawul na ƙarshe da gangan. Ƙara ta fito, amma ba ita ba ce, ta cika kaifi. Ya ƙara sassautawa, ta koma kwaram-kwaram. Ya ɗaure, ya sassauta, ya gwada na kusa da shi, har rana ta karkata. Wasiu ya yi tsokana ya gaji, ya koma kallo. Can sai Mutala ya nufi benci inda tsohon kan injin yake kife, ya kwance ɗan ƙarfen nan mai cinyayyen baki, ya wanke shi da fetur, ya ɗaura shi a cikin sabon.

Cak-cak-cak.

Ita ce, ba ragi ba ƙari. Wasiu, wanda ya san tsohon tun yana yaro, ya waiwaya bakin hanya ba tare da ya shirya ba, kamar mai jiran wani ya shigo. Da ya juyo fuskarsa ba dariya. Ya ce Allah ya jiƙan Baba, ya koma rumfarsa.

Ana gab da magariba Mutala ya gangaro lungunsu, zuciyarsa fes. Bai zauna a motar ba, ya fito da sauri. Ga Mma kuwa a bakin ƙofa, ta dafa bango, buta a hannu, tana haki. Ta dube shi, ta dubi bayansa. Sai butar ta suɓuce, ita kuma ta sulale ta zauna a dakalin ƙofa. Ya durƙusa zai ɗaga ta, ta ture hannunsa.

"Na ce ya tafi ke nan," ta ce. "Kai kuma ka je ka kawo shi."

Ya fara yi mata bayani, cewa Baba ya rasu, motar ce kawai. Ta katse shi ba da faɗa ba.

"Ni ba mahaukaci ba ne, Mutala. Kai na ya sani. Ƙafa na ne bai sani ba. In na ji abin nan, kafin na tuna, na tashi, na ɗauki buta. In na zo ƙofa, ba shi. Kullum, kullum, mutum nan yana mutu mini a bakin ƙofa nan. Kwana nan da mota bai zo ba, shi ne na yi mishi addu'a kamar wanda ya mutu. Na yi barci paa."

Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa masa duk shekarun nan. Ta ce ta sha leƙowa ta taga ta gan shi zaune a motar bayan ya kashe inji, guiwa a takure, kai a sunkuye. Ta ga abin da ya rage masa na ubansa ke nan, ba ta iya karɓe masa ba. Kunya da tausayi suka rufe Mutala har ya kasa ɗaga ido. Aka kira salla suna nan zaune a dakalin, ruwan butar na bin ƙasa zuwa kwata.

"Ka bar shi ya kwanta," ta ce, ta miƙo masa hannu ya tashe ta.

Da safe bai tayar da motar a bayan ɗakinta ba. Ya sauke burki ya tura ta da kafaɗa har bakin titi, sannan ya kunna. Ya bi doguwar hanya zuwa Kawukudi, ta Kotobabi, bai yi wa kowa hon ba. A gareji ya bar injin yana aiki ya tsaya a kansa har Wasiu ya buɗe rumfa ya share gabanta. Sannan ya kashe, ya jira ya huce, ya kwance ɗan ƙarfen ya mayar da na sabon kan, ya auna tsakanin bawul da siririn ƙarfen awo yadda aka koya masa. Yana ɗaurewa yana kuka, bai kuma damu da wanda ya gani ba.

Da yamma motar ta gangara lungu ba wanda ya ɗaga kai. Ƙofar gida ba kowa. Ya ratsa tsakar gida, ya wuce Muniratu tana tuƙa tuwo, ya tsaya a bakin labulen uwarsa. Sai a lokacin ya lura ya manta rabon da ya yi sallama a ƙofar nan da bakinsa. Ya yi sallamar.

Ta amsa daga ciki, a natse. "Wane ne?"

"Ni ne, Mma. Mutala."

"A'a, ban ji zuwan ka ba koraa," ta ce. "Shigo, ɗa na. Sannu da aiki."