Ɗan Kakin da Na Kai Sabha

Agadas, Talata

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba kamyonmu, wato babbar motar kaya, ya tashi. Ni Hajiya Zinaru, shekara goma ina fataucin turare a hanyar nan, amma ban taɓa ɗaukar kayan da ya tsorata ni kamar wannan ba. Jikata Rakiya, 'yar shekara huɗu, ƙari ya fito mata ƙarƙashin ido har ya rufe shi. An yanki ɗan nama an daskarar cikin kaki, bai fi akwatin ashana ba. Likita ya ce ciwon daji ne, sai dai iri biyu ne masu kama da juna, kowanne da maganinsa, kuma rinin da ke bambanta su babu shi a nan. Yana da abokiyar karatu a Sabha mai rinin, ita zan kai wa kakin.

Dirku, Jumma'a

Da yake abu ne mai daraja, sai na kulle shi a akwatina na ƙarfe, can saman kaya. Wai ni mai wayo! Da hantsi direbanmu Sidi, wani Batube mara yawan magana, ya ga ina ta leƙen akwatin. Na faɗa masa.

"Hajiya, kaki cikin ƙarfe? Rana ya ci shi!"

Nan take na buɗe. Gefe ɗaya har ya fara laushi. Innalillahi! Sidi ya naɗe shi a leda, ya cusa tsakanin salkar ruwa da jiƙaƙƙen buhunta, inda iska ke bugawa. Duk tsayawa sai ya zuba wa buhun ruwa daga rabonsa. Kwana biyar bai manta ko sau ɗaya ba.

Gatrun, Talata

A bawwaba, wato shingen soja, wani ya ɗaga ledar: "Shinu hada?" Wato mene ne wannan. Sidi ya yi masa bayani. Shekarun nan an buɗe wa baƙar fata ƙofa, amma bincike sai abin da ya ƙaru. Sojan ya mayar da ita da hannu biyu, ya ƙara mana da dabino.

Sabha, Laraba

Ƙarfe goma muka shiga. Na sauka unguwar Hajara, gidan 'yan garinmu, na ci taliya da miyar tumatir, na tari tasi zuwa asibiti. Likitar, Daktora Salma, ƙaramar mace ce, ga sauri kamar ta tashi sama. Wani mai shara ɗan Damagaram ya yi mana tafinta.

"Ya Hajja, tsokar jariri tun a ciki tana da wani sinadari mai gina ta," in ji ta. "In gini ya ƙare sai ya ɓace. Wani dajin tsoka ce da ta ƙi gama girma, shi ya sa alamar ke nan jikinsa. In shi ne, rinina zai kama."

Bayan kwana uku ta kira ni, ta sa idona a madubin likita. Ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, birjik. "Na tsoka ne. Yana jin magani, in an yi sauri." Wallahi na so matar nan. Ko shayi ba ta tsaya sha ba sai da ta rubuta takardar.

Agadas

Kwana ashirin cif na dawo. Ranar da likita ya karanta takardar, ranar aka tura mu Yamai aka ɗaura wa Rakiya ruwan magani. Godiya ga Allah, sannan ga Sidi da Daktora, Allah ya biya su da abin da ya fi.

Wata huɗu ke nan. Gashin Rakiya ya zube tas, ta rame. Amma jiya ta rufe lafiyayyen idon da tafinta, ta dube ni da ɗayan ta ce, "Kaka, ashe kin yi furfura."