Ranar da Baffannina Suka Je Nema Mini Aure a Tunuga

Ko gobe na mance sunana, ba zan mance ranar da aka je nema mini aure ba. Zamanin kumanda Bature na nan Gaya ne, ina yaron kamyo, wato babbar motar kaya, na ga 'yar wani masunci a Tunuga, hankalina ya tashi. Ga shi an ce wani gardi, dogarin kumanda mai jar hula, zai aika nasa mutanen washegari.

Baffannina biyu ne. Babban, in ya buɗe baki sai dai kiran salla ya rufe shi. Ƙaramin kuwa, in ka gaishe shi da safe, amsar sai ka jira azahar. Na roƙi mahaifina kada ya tura ƙaramin, ya ce, "Kai dai yi shiru, wani ai sai ya ɗauki goro."

Da suka dawo da la'asar, na tare su bakin zaure. Babban ya zauna yana fifita da hula. "Ɗana, yau na yi aiki! Na ba su labarin Dahome, na kwaikwayi Hausar kumanda, har tsohuwar gidan ta ƙware don dariya. Kifi kuwa, mun ci har wuya!"

Na ce, "To Baffa, me suka ce game da yarinyar?"

Hular ta tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Innalillahi! Yarinyar!"

Wallahi na riga na hango gardin nan da amaryata, hawaye suka cika mini ido. Sai ƙaramin, da ke gefe yana cire ƙaya daga takalminsa, ya ce, "An ba mu."

Ashe tun ana tsakiyar labarin Dahome ƙaramin ya zame ya zagaya ta bayan gidan, ya iske uban yarinyar, wanda shi ma ba gwanin magana ba ne, yana gyaran taru. Ya zauna ya kama masa. Da suka gama ya ajiye goron ya ce, "Yaronmu." Uban ya ce, "Na san shi. Allah ya sa albarka."

Har ya rasu, babban bai daina cewa shi ya yi mini aure ba, kuma ba mu taɓa musa masa ba, don dangin matata shi suka riƙa tambaya. Amma daga ranar na koyi cewa in an aiki mutum biyu, kada ka raina wanda ya ɗauki goron.